Natsuwar da Muka Bari a Kan Buzun Salla

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani al'amari da ba ya cikin labaran da ake rububin karantawa, wato natsuwar zuciya, da yadda mutum zai koyi sakin abin da ya ƙulla a ransa har ya hana shi barci. Ni tsohon malamin makarantar boko ne a nan Damagaram, karatuna na addini bai wuce abin da ɗan unguwa yake samu a zauren malaminsu ba, saboda haka duk inda na yi tuntuɓe ina maraba da gyaran masana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da ɗana ya yi mini. Yaron yana karatu a Jami'ar André Salifou, kuma wata rana bayan sallar isha ya zo ya zauna kusa da ni, ya kunna mini wata manhaja a salularsa. Muryar wata mata ce take magana da Faransanci a hankali, tana cewa mutum ya zauna, ya rufe ido, ya bi shigar numfashinsa da fitarsa na minti goma, idan tunani ya zo masa ya ƙyale shi ya wuce. Ya ce gardama ta kaure a fadarsu ta shan shayi a kan wannan abu: wasu sun ce bautar mutanen Asiya ce aka sake wa riga, wasu kuma sun ce ai magani ne kawai kamar ƙwayar ciwon kai. Sai ya ce, "Baba, kai me ka gani?"

Na gaya masa abin da na sani game da asalin abin. Gaskiya ne irin wannan zama ya daɗe a wurin mabiya addinin Buddha, kuma gaskiya ne a shekarar 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya ɗauko shi, ya tuɓe masa rigar addini, ya mayar da shi darasi na mako takwas ga marasa lafiya a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, musamman masu fama da ciwon da ya ƙi jin magani da masu yawan damuwa. Daga can ya bazu zuwa asibitoci da makarantu da ofisoshi, har ta kai a ƙarshen 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Disamba ta kowace shekara domin irin wannan zama. Hukuncin halaccinsa ko haramcinsa na bar wa malamai, don ba hurumina ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne: yaron da aka haifa a unguwar Birni, wanda ya tashi yana jiyo wazifa ta kan katangar gidansu, sai da wata murya daga Turai ta ce masa ya zauna shiru kafin ya san cewa zama shiru ma abu ne da ake koyo. Wannan kuwa laifina ne da na tsararrakina.

Duk wanda ya karanta Ahalari yana yaro ya haddace farillan salla, kuma a cikin jerin nan, tsakanin daidaito da jerantawa, akwai natsuwa. Malamai sun fassara mana ita da cewa gaɓoɓi su zauna daram a ruku'u da sujada da zama, mutum ya dakata kafin ya sake motsi. Mun kuma ji labarin mutumin da ya yi salla a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa har sau uku ya koma ya sake, domin bai yi salla ba, kuma malamai sun ce babban abin da ya rasa shi ne wannan dakatawa. Idan aka lissafa, sallolin farilla raka'a 17 ne a yini da dare, wato sujada 34. Sau 34 ke nan a kowace rana ake umartar baligi ya sa goshinsa a ƙasa ya tsaya cak. A ganina wannan makaranta ce da aka sa mu tun muna 'yan shekara bakwai, amma yawancinmu mun tsufa ba mu fita aji ɗaya ba, domin muna koyon natsuwar gwiwa da goshi, sannan da an yi sallama mu naɗe ta tare da buzu mu jingine a lungu sai wata sallar. An ruwaito cewa Annabi yakan ce wa Bilal ya tayar da salla ya hutar da su da ita. Ni dai na yi shekaru masu yawa ina salla ban taɓa hutawa a cikinta ba, kuma ban san na yi asarar komai ba sai da wata jarrabawa ta same ni.

Bayan na yi ritaya na zuba ɗan abin da na tara a cinikin atamfa da shadda, ina saro kaya daga Kantin Kwari a Kano ta hanyar Daura da Matamaye. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, aka kuma katse wutar da ake jawowa daga Najeriya, sai wani abokin hulɗata da muka shekara shida muna aiki tare ya ce in ba shi kuɗi, ya san hanyar da zai shigo da kaya. Na ba shi jika ɗari takwas, kusan dukkan jarina. Kaya ba su zo ba, kuɗi ba su dawo ba, aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024 amma shiru, daga baya ma ya daina ɗaukar kirana.

Duk wanda ya zo yi mini jaje sai in ce masa na bar wa Allah, kuma na yi zaton gaskiya nake faɗa. Amma da dare ya raba, gari ya yi tsit, ga zafi ga rashin wuta, sai in kafa wa mutumin nan kotu a ƙirjina. Ni ne mai ƙara, ni ne shaida, ni ne alƙali. In karanto masa laifinsa daga farko, in tsara amsar da zai bayar, in rushe ta, in yanke masa hukunci, sannan gobe da dare a sake zaman shari'ar daga farko kamar ba a taɓa yi ba. A cikin salla ma bai bar ni ba, sai liman ya yi sallama in farga cewa tun raka'a ta biyu ina lissafin turamen atamfa. Bakina ya miƙa wa Allah lamarin, hannuna kuwa yana riƙe da shi gam.

Ina cikin wannan hali na je gaida kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon majemi ne da ya haura shekara tamanin. Na same shi a zaune kusa da kwatarniyar bagaruwa, yaransa suna kankare gashin fatun awaki a gefe. Na durƙusa na ce, "Kawu, barka da hutawa." Ya amsa, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Malam, ku biyu kuka shigo, amma kai kaɗai ka yi sallama. Wane ne wannan da ka goyo?" Na kwashe labari na gaya masa, ina jiran ya ce in yi haƙuri kamar yadda kowa yake cewa. Sai ya nuna kwatarniyar da haɓarsa ya ce, "Ka ga fatar can? Na jiƙa ta, na cire gashinta, na wanke ta, na tsoma ta a bagaruwa. Wannan nawa ne, na yi. Abin da ya rage aikin bagaruwa ne da kwanaki. Da zan riƙa tsamo ta kowace sa'a ina murzawa in ga ko ta jemu, da na wahalar da kaina, ita kuma ba za ta yi sauri saboda ni ba. Kai ka kai ƙara wurin manya?" Na ce na kai. Ya ce, "To ka tsoma. Cire hannunka."

Na ce masa ai cire hannun ne ya gagare ni. A nan ya ba ni wani aiki da na raina a lokacin. Ya ce bayan sallar asuba kada in tashi daga inda na yi salla, kamar yadda aka ruwaito Annabi yakan zauna a wurin sallarsa har rana ta fito. In gama zikirina yadda na saba, sannan in ajiye carbi, in daina ƙirga komai, in daina roƙon komai, in zauna kawai da sanin cewa Allah yana ganina. Ya tuna mini hadisin Mala'ika Jibrilu da muka karanta a Arba'una, inda aka ce ihsani shi ne ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, idan kai ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Ya ce wannan zama shi malamansu suke kira muraƙaba. Na tambaye shi yadda zan yi da tunanin da zai taso mini. Amsar da ya ba ni ita ce dalilin rubuta wannan wasiƙa. Ya ce, "Kai mai gida ne a zaurensa. Mutane suna wucewa ta ƙofa, kowa ya yi sallama ka amsa masa. Ba ka rufe ƙofa, don mai rufe zaure da safe ba lafiya ba. Amma ka taɓa ganin mai gidan da yake tashi ya raka kowane mai wucewa har gidansa?"

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, kwanakin farko azaba ce. Da na ajiye carbi, mutumin nan shi ne farkon mai sallama, kuma kafin in ankara na raka shi har Kano na dawo. Gwiwoyina suka riƙa ciwo, barci ya riƙa fizgata, wata rana ma na tashi a fusace na ce wannan ɓata lokaci ne. Amma a mako na uku wani abu ya faru wanda ban taɓa lura da shi ba a gidan da na shekara talatin a cikinsa. Na ji carar zakaran maƙwabta, na ji amsar wani daga nesa, na ji ƙarar kurar mai ruwa tana gangarowa ta lungunmu jarkoki suna bugun juna, na ji sautin tsintsiyar uwargidana a tsakar gida, na ji kukan kurciya a kan bedi, na ji sanyin ƙasa yana ratso buzu. Duk suna nan tare, babu wanda na zaɓa in saurara, babu wanda na kora. Tunanin kuɗina ma ya zo, sai na gan shi a matsayin ɗaya daga cikinsu, bai fi kukan kurciyar girma ba. Na lura cewa kafin ya iso ƙirjina yakan ɗaure tukuna, kamar an ja zariya, kuma idan ban bi shi da magana ba, cikin numfashi kaɗan zariyar takan saki da kanta. Sai na gane cewa wutar da ta shekara tana cina ni nake tura mata itace kowane dare. A ranar na fahimci ayar nan ta 28 a cikin Suratur Ra'ad, da take cewa da ambaton Allah zukata suke natsuwa, fahimtar da ta wuce ta fassara.

Abin da ya fi amfanata shi ne da wannan zama ya fara biyo ni cikin yini. Mu mutanen Damagaram Allah ya hore mana wuraren jira fiye da kima. Ƙishirwar garin nan tsohuwa ce, har ana lissafa ta cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926, kuma har yau a watannin bazara mutum yakan jera jarkoki a bakin famfo tun tsakar dare. Da can idan na tsaya a irin wannan layi, ko ina jiran wuta ta dawo, ko ina zaune a rumfar wani a Kasuwar Dole ranar Alhamis ina jiran ya sallami masu saye, zuciyata tafasa take yi, hannuna kuma yana cikin aljihu yana laluben salula. Yanzu nakan bar ta a aljihun, in ji tafin ƙafata a ƙasa, in bar hayaniyar 'yan kabu-kabu da cinikin mata ta shiga ta fita, in tuna wanda yake ganina. Layin bai rage tsawo ba, amma na daina isa gida da faɗan da zan sauke a kan iyalina.

Dole in saka wata magana a nan don kada a yi mini mummunar fahimta. A cikin waɗannan watanni na je wurin likita, ya auna ni ya ce hawan jini ya kama ni, ya rubuta mini magani, kuma har yau ina shan ƙwayata kowace safiya. Wanda damuwa ta kai shi ga daina cin abinci, ko yake jin rayuwar ta ishe shi, likita yake bukata da 'yan'uwa a kusa da shi, kada a ce masa ya je ya zauna shi kaɗai.

Na san kuma akwai masu cewa irin wannan magana ita take kashe wa mutanenmu zuciya, a cuce su su ce sun bar wa Allah, a hana su ruwa su ce haka aka ƙaddara. Suna da hujja, domin an daɗe ana fakewa da tawakkali ana kasala. Amma mutumin da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Tsuntsayen da aka buga mana misali da su ma sai sun fita da sassafe kafin su dawo da ciki cike. Kawuna bai ce in cire hannu ba sai da ya tabbatar na kai ƙara. Na tuna watan Satumba na 2024, lokacin da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin nan na Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Na tsaya cikin jama'a muna kallon tarin ƙasa, wasu suna hawaye. Wani dattijo kusa da ni, wanda na san tun ƙuruciyarsa a nan yake salla, ya yi salati, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya tambayi inda za a yi salla ta gaba, ya kuma ce ginin ƙasa yaɓe yake so kowace shekara, a duba sauran tun kafin damina mai zuwa. Ban ga alamar mutuwar zuciya a tare da shi ba. Abin da na gani a kaina ma shi ne, tun da na daina zaman kotun dare nake samun ƙarfin bin hakkina da rana.

Wasu kuma za su ce wannan aikin 'yan ɗarika ne, ko na masu shiga halwa. Gardamar ɗarika da Izala ta fi ƙarfina, ba zan tsoma baki a cikinta ba. Abin da na sani shi ne natsuwa farilla ce a kan kowa, kuma kowane ɓangare yana cika masallatai da masu i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan. Imam Gazali, a shekarar 1095, yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, harshensa ya ɗaure ya kasa koyarwa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya bar kujera da dukiya ya tafi Sham, yana hawa hasumiyar masallacin Dimashƙa ya rufe kansa, kuma sai bayan kimanin shekara goma ya koma karantarwa. Mu masu cefane a wuya ba mu da shekara goma. Muna da sujada 34, da ɗan lokacin da ke tsakanin asuba da hantsi, da layin famfo.

Ko wannan ɗan lokacin ma ba kowa yake da shi ba. Ranar da na ba uwargidana labarin zaman da nake yi, dariya ta yi ta ce, "Malam, kai da kake da mai share maka tsakar gida." Ta yi gaskiya, na kuma ji kunya. Ta ce ita nata zauren shi ne lokacin da take tsince wake ko take jiran tukunya ta tafasa, idan yara suka ƙyale ta. Tun daga ranar na ɗora wa samarin gidan ɗiban ruwan safe da kunna gawayi, don ita ma ta samu zama a kan sallayarta.

Shi kuwa mutumin nawa, mun haɗu a wata jana'iza a Zango bayan watanni. Ƙirjina ya ɗaure kamar da, na bari ya saki, sannan na miƙa masa hannu. Bayan an watse na ja shi gefe na tambaye shi kuɗina, muryata ba ta rawa. Ya kawo jika ɗari da hamsin bayan sati biyu, sauran suna nan rubuce a littafina, ban yafe ba, kuma zan ci gaba da tambaya. Akwai dararen da har yanzu nakan raka shi ɗan nesa kafin in tuna in dawo zaure.

Roƙona ga malamanmu masu tafsiri da masu wa'azi a gidajen rediyon Damagaram shi ne, idan sun zo kan natsuwa a farillan salla, su ɗan yi abin da kalmar take nufi, su dakata a kanta, su koya wa yara yadda ake yi da tunani idan ya taso, kamar yadda suke koya musu yadda ake yin ƙabli da ba'adi. Ɗana bai goge manhajar daga salularsa ba, ni ma ban ce ya goge ba. Na dai ba shi labarin zauren kakansa, kuma yanzu wasu ranaku, idan ba shi da darasin ƙarfe takwas, yakan gama ɗiban ruwa ya shimfiɗa buzunsa kusa da nawa mu zauna har rana ta hau katanga.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram.